Shin manhajar BIM za ta fitar mini da kuɗin gini da ranar gamawa da kanta?

Wani ɗan kwangila daga Gombe ya aiko da wannan tambaya: "An ba ni aikin bene mai hawa ɗaya na ajujuwa a wajen Tumfure, tsawonsa mita 36, faɗinsa mita 10. Wani matashin injiniya da muke aiki tare ya ce in sayi Revit, wai da zarar an zana ginin a ciki zai fitar da yawan bulo da siminti da rodi, ya faɗi kuɗin aikin, har ya tsara ranar da za a gama. Gaskiya ne? In gaskiya ne me zan tanada, kuma a ina ake samun matsala?"

Alhaji, rabin maganar injiniyanka gaskiya ce. Ragowar rabin da bai faɗa maka ba shi ke cinye ribar ɗan kwangila, don haka a kansa za mu fi daɗewa.

BIM hanyar aiki ce ta gina gini a cikin kwamfuta kafin a gina shi a fili, manhajojin da ake yin ta da su suna da yawa, Revit ɗaya ne daga ciki. Maimakon a ja layi biyu a manhajar zane ta AutoCAD a ce ga bango, sai a gina bangon a cikin kwamfuta da tsawonsa da tsayinsa da kaurinsa, a rubuta masa cewa bulo ne mai inci 9, a faɗi hawan da yake. Haka za a yi wa fila, bim, dakin (wato kankaren da ke raba hawan ƙasa da na sama), ƙofa, taga da bututun ruwa. In aka matsar da taga ɗaya a samfurin, wato ginin da ke cikin kwamfutar, zanen ƙasa da zanen gefe da jerin tagogi duk za su sauya tare. Revit na kamfanin Autodesk da Archicad na Graphisoft su aka fi gina samfurin da su, Tekla kuma ya fi ƙarfi a aikin ƙarfe da rodi. Idan aka ɗaura ranaku a jikin samfurin ana ce masa 4D, idan aka ɗaura kuɗi ana ce masa 5D. To, Revit ba ya tsara ranakun aiki. Microsoft Project ko Primavera P6 ke yin wannan, sannan Navisworks ko Synchro ya haɗa ranakun da samfurin. Kuɗi kuwa ko dai a kwashe adadin kaya zuwa Excel, ko a yi amfani da irin su CostX. Tun a nan manhajar da aka ce maka ɗaya ce ta zama huɗu.

Abin da Revit ke bayarwa shi ne awo: murabba'in mita nawa na bango, kubik mita nawa na kankare, ƙofa nawa. Mudu ne, abin da aka zuba masa yake aunawa, hatsi ne ko ƙaiƙayi. In an gina samfurin yadda za a gina shi a fili, awon zai fi na hannu sauri da daidaito. In an gina shi don a fitar da hoto mai kyau a nuna wa mai makaranta, awon zai kai ka ya baro.

Mu ɗauki bangon aji ɗaya mai tsawon mita 9. Daga daɓe zuwa saman dakin mita 3.45 ne, amma akwai bim mai zurfin milimita 450 a sama, don haka bulo zai tsaya a mita 3. Murabba'in mita 27 ke nan. Cire tagogi biyu masu mita 1.8 da 1.2, da ƙofa mai mita 1.2 da 2.1, saura 20.16. Akwai fila uku a cikin bangon, kowace milimita 225, a cire su ma, saura kusan 18.1. Bulo mai inci 9 kusan 10 ke shiga murabba'in mita ɗaya in an haɗa da kwaɓin tsakani, wato birkila zai jera bulo 181. Yanzu a ce mai zane ya ja bangon tun daga daɓe har saman dakin, kamar yadda da yawa ke yi saboda ya fi sauri kuma a hoto ba a ganin bambanci. Ya ƙara murabba'in mita 4.05. A ce kuma filolin suna cikin fayil ɗin injiniya, wanda aka jingina da na mai zane kawai. Bangon bai san da zamansu ba, ta cikinsu zai ratsa. Manhajar za ta ce maka 24.21, bulo 242. Ƙarin sulusi ke nan a bango ɗaya, kuma ba wani jan rubutu da zai fito ya gargaɗe ka. Ko da bangon da filolin suna fayil ɗaya, sai an bi an duba wane ne ya yanki wane, domin sau da yawa bango ne ke cin fila, bulo ya ƙaru a lissafi, kankare ya ragu. Akwai umarnin da ke juya wannan tsari, amma mutum ne zai danna shi.

Wani abin da ake yawan tsallakewa shi ne kaurin bango. Revit yana zuwa da nasa bango mai milimita 200, mu kuwa bulonmu 225 ne ko 150. Mai zanen da bai ƙirƙiri namu ba, ya bar wancan da sunansa na asali, ba za a iya raba masa bulo mai inci 9 da mai inci 6 a lissafi ba, balle bulon fandisho da ake cika wa kankare.

Kankare ya fi sauƙin gani. Dakinka mita 36 ne da 10, in kaurinsa milimita 150 ne manhajar za ta ce kubik mita 54, kuma ta yi daidai. Amma ba ta san buhu ba. In haɗin 1:2:4 ne, wato buhu ɗaya da kwanon sarki 4 na yashi da 8 na tsakuwa, kubik mita ɗaya yana cin kusan buhu 6.3 na kilo 50, da kubik mita 0.44 na yashi da 0.88 na tsakuwa. Dakin zai ci buhu 340, yashi kubik mita 24, tsakuwa 48, kafin a ƙara kashi 5 cikin 100 na abin da ke zubewa. In kuwa injiniya ya nemi ƙarfin da sai an yi haɗin 1:1½:3, ana maganar buhu 8 a kubik mita, sama da buhu 430. Tazarar buhu 90 ce, samfurin kuwa 54 yake nunawa a duka biyun. Mai ƙididdigar gini, wanda kuke kira QS, shi zai mayar da kubik mita zuwa buhu da tifa.

Rodi ne wurin da aka fi yaudarar kai. Yawancin samfuran da masu zane ke miƙawa babu rodi ko ɗaya a cikinsu, kankare ne zalla. Revit yana iya jera rodi, amma aiki ne mai cin lokaci, sai injiniyan da ya lissafa ginin ya zauna ya yi shi. In bai yi ba, a koma ga takardar lanƙwasa rodi da ya fitar. In ya yi, to ga abin dubawa. Nauyin mita ɗaya shi ne kaurin rodin a milimita sau kansa, a raba da 162: mai 10 kilo 0.617, mai 12 kilo 0.888, mai 16 kilo 1.58, mai 20 kilo 2.47. Sanda mai mita 12 ake sayarwa, don haka tan ɗaya yana ɗaukar kusan sanda 94 na mai 12, ko 53 na mai 16. Manhajar tana tara tsawon da ya shiga gini ne kawai. In ana bukatar guntaye masu mita 4.5, sanda ɗaya biyu za ta bayar, mita 3 ta rage, kashi 25 cikin 100 ke nan da ka biya kuɗinsa kuma ba ya cikin samfurin, sai dai in ayon benda, mai lanƙwasa rodi, ya sama masa gurbi a ringi ko linta. Haka haɗin baki: inda aka ɗora sanda kan sanda ana ba shi ninki 40 zuwa 50 na kaurin rodin, mai 16 zai iya cin milimita 800 a kowane haɗi. In ba a zana haɗin ba, ba a ƙirga shi ba. Sannan in kaya sun sauka a yanki mita ɗaya a ɗora a sikeli. Mai 12 ɗin da bai kusanci kilo 0.89 ba, sunan kawai yake ɗauke da shi.

Akwai kuma kayan da ba wanda ke zana su amma kuɗinsu yana da nauyi: haƙa da kwashe ƙasa, mayar da ciko, maganin gara, ledar da ake shimfiɗawa kafin jaman fulo, katakon zubi da gorar tokara, ƙusa, wayar ɗaure rodi, tsani da dandamalin hawa, hayar injin kwaɓi, man janareta, maigadi, gwajin kankare. A unguwannin Gombe da ake sayen ruwa a tanka, ruwan kwaɓi da na shayar da kankare kwana 7 ko fiye layi ne mai zaman kansa a lissafi. Duk waɗannan da hannu ake ƙara su, wasu kuma a ciro su daga awon samfurin ta hanyar lissafi, kamar katakon zubi da ake samu daga faɗin ƙarƙashin dakin da gefunan bim.

Ƙasa ita ce babbar caca. Mai zane yana ɗora gininsa a kan shimfiɗaɗɗen fili ne, filayen Gombe kuwa da yawa gangare ne, ga zaizayar ƙasa da kowa ya sani. In filinka ya sauka da mita 1.2 daga wannan kai zuwa wancan a tsawon mita 36, matsakaicin ƙarin zurfi mita 0.6 ne. Ciko ya ƙaru da kubik mita 216 tun kafin a daddanna shi, bangon fandisho na kewaye kaɗai, mai tsawon mita 92, ya ƙaru da bulo 550. Don haka kafin a soma samfurin a kira safiyo ya ɗauko tudu da gangaren filin, a shigar da makin da ya kawo a gina fuskar ƙasar ta gaskiya. A yi gwajin ƙasa kuma. Wasu sassan jihar baƙar laka ce mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, wadda kan tilasta a sauya irin fandishon gaba ɗaya. A Bauchi matsalar takan zo ta wata fuska, a soma haƙa a tarar da dutse. Manhaja ba ta leƙa ƙarƙashin ƙasa.

Wajen sa farashi, takardar ƙididdiga a Najeriya tana bin ƙa'idar awo ta BESMM4 ta cibiyar masu ƙididdigar gini, NIQS, kuma wanda ya yi rajista da hukumar QSRBN ne ke sa mata hannu. Rabe-raben Revit ba su dace da na wannan ƙa'ida kai tsaye ba. Maganinsa shi ne tun ranar farko QS ya ba kowane irin abu lamba, mai zane ya rubuta lambar a jikin abin cikin samfurin: bulon fandisho lambarsa daban, bulon sama mai inci 9 daban, kankaren fila daban da na dakin. In aka fitar da jerin zuwa Excel, lambar ce za ta nemo farashinsa. A Excel ɗin a ware shafi ɗaya tak na farashin kasuwa, da kwanan watan da aka ji shi: buhun siminti, tan na rodi, tifar yashi da girmanta, bulo har saukewa a fili, kuɗin birkila da lebura. Kowane lissafi daga wannan shafi zai riƙa sha. Kasancewar masana'antar siminti ta Ashaka tana nan Funakaye bai hana buhu tashi ba. Bayan cire tallafin mai a watan Mayu na 2023 da faɗuwar naira, a farkon 2024 buhu ya haura naira 10,000 a kasuwanni da dama, ninkin abin da aka saya shekara guda kafin nan. Wanda farashinsa ke shafi ɗaya cikin minti biyar zai ga inda ya tsaya. Wanda ya warwatsa shi a layi 300 sai ya kwana yana nema. Kada a manta da riba, kuɗin ofis da harajin VAT na kashi 7.5, kuma a duba ko kwangilar ta yarda da ƙarin kuɗi in kaya sun tashi.

Yanzu ranaku. Ba manhajar da ta san kwana nawa aiki zai ci, kai za ka gaya mata. Lissafin shi ne adadin aiki a raba da abin da ma'aikatanka ke yi a rana. A ce samfurin da aka gyara ya nuna bulo 4,000 a hawan ƙasa, littafin fomanka kuma ya nuna birkila da leburansa suna jera 90 a rana. Birkila 5 za su gama a kwana 9. Wannan 90 daga filinka za a samo shi, kada a ɗauko na littafin wata ƙasa, kuma a rage shi a hawan sama, inda sai an ɗauki bulo a ka an hau da shi.

Abu na farko da za a gyara a Microsoft Project shi ne kalanda. Yana zuwa da Litinin zuwa Juma'a, awa 8, Asabar da Lahadi hutu. Filinka yana aiki Asabar, Juma'a kuma rabin rana ce ko kusa da haka. A saka hutun sallah biyu har da kwanakin da ma'aikata ke ƙarawa kafin su dawo daga ƙauye. A rage abin da ake sa ran yi a watan azumi. A ware kwanakin ruwa, musamman Yuli zuwa Satumba, a kuma tuna leburori kan ragu lokacin shuka da lokacin girbi. A Maris da Afrilu, da zafi kan kai digiri 40, zuba dakin da tsakar rana neman tsagewa ne, don haka a tsara shi da sassafe ko da yamma, a lissafa kuɗin fitila. Da hunturu busasshiyar iska ce ke shanye ruwan kankare da filasta. Wanda ya bar kalandar yadda ta zo zai samu ranar gamawa mai kyau a takarda, wadda ba za ta taɓa zuwa ba.

Sai jerin wane ke jiran wane. A nan akwai tambayar da samfurin ba zai amsa ba: za ka zuba fila ne tukuna sannan a yi bulo, ko za a ta da bulo a zuba fila a tsakaninsa kamar yadda aka saba a ƙananan ayyuka? Samfurin iri ɗaya ne a duka biyun, amma jadawalin ya bambanta, kuɗin ma haka. Fila mai milimita 225 da tsayin mita 3 tana cin katako murabba'in mita 2.7 in gefe huɗu za a rufe, 1.35 in bulo ya riga ya tare gefe biyu. Injiniya ne zai ce wanne ya dace da lissafinsa, a rubuta shi kafin a tsara ranaku. A saka lokutan jira su ma a matsayin aiki: shayar da kankare, da kwana 14 zuwa 21 kafin a cire gorar ƙarƙashin dakin gwargwadon umarnin injiniya, da kwana 28 na sakamakon gwajin ƙarfi.

Domin ranaku su hau samfurin, dole a yanka shi yadda za a gina shi. Filar da aka ja tun daga fandisho har rufi a matsayin abu ɗaya ba za ta rabu gida uku a jadawali ba, sai a sake zana ta hawa-hawa. Dakin da za a zuba sau biyu a raba shi biyu, Revit yana da umarnin Parts na wannan aiki. Sannan kowane abu a ba shi lambar aikin da yake ciki, irin ta jadawalin harafi da harafi. A Navisworks, sashen TimeLiner zai karanto jadawalin daga Project ko Primavera ko fayil ɗin CSV, ya haɗa suna da suna. A haɗa su ta hanyar bincike da lamba, kada a zaɓa da hannu, domin zaɓin hannu ba ya kama sabon bangon da mai zane ya ƙara daga baya. Bayan haɗawa a sa manhajar ta zaƙulo abubuwan da ba a ɗaura wa kowane aiki ba. Kusan kullum ana samu, kuma galibi harafi ɗaya ne aka rubuta ba daidai ba.

Bidiyon gini yana tashi a allo yana burge mai aiki, amma amfaninsa gare ka yana wani wuri. Ƙarƙashin dakinka murabba'in mita 360 ne. Katako mai faɗin inci 12 da tsawon ƙafa 12 yana rufe kusan 1.08, wato katako 333 in za a zuba gaba ɗaya, ban da na bim. In aka raba ginin gida biyu, mita 18 kowane, a wurin da injiniya ya amince, katako 170 sun isa, amma ɓangare na biyu zai jira a kwance na farko, mako biyu zuwa uku. Wanne ya fi araha, katako 163 da gorarsu, ko mako uku na albashin foman da maigadi da hayar inji, da tarar jinkiri in kwangilar tana da ita? Da samfuri mai ɗauke da ranaku da farashi, za a gwada duka biyun a yini ɗaya. Haka zai nuna maka kuɗin da kowane mako zai ci, ka gani tun da wuri cewa makon ɗaure rodin dakin da zuba shi zai zo kafin mai makaranta ya biya kaso na gaba. Nan ne ayyuka da yawa ke tsayawa, kafinta ya gama, rodi na shan ruwan sama, ana jiran kuɗin siminti.

Gano karo tsakanin sassa shi ma yana da amfani, ko da yake a ginin ajujuwa bai kai na asibiti ko otal ba. Wanda aka fi gani shi ne bututun masai mai milimita 100 na hawan sama da ya nufi tsakiyar bim, wanda in ba a gani a kwamfuta ba fulamba zai gan shi da kurfi da guduma, ya yanke rodi. Wannan aikin yana cikin Navisworks Manage, babu shi a Simulate, a lura kafin a biya. Kuma a gwada rukuni da rukuni, bututu da bim, wayarin da dakin. In aka ce komai da komai zai kawo karo dubbai, yawancinsu na banza, a gaji a rufe.

Batun kayan aiki: Revit a Windows yake gudu. A nemi kwamfuta mai RAM gigabait 16 aƙalla, 32 ya fi, da ma'ajiyar SSD da katin hoto mai zaman kansa. A haɗa ta da inbata ko batirin tsaro, domin ɗaukewar wuta ana tsakiyar adanawa tana lalata fayil, a kuma riƙa hure mata ƙura da hunturu. Tun 2016 Autodesk ya daina sayar da lasisin dindindin, haya ake biya, kuma farashin yana bin dala. Lasisin ɗalibai kyauta ne amma bai halatta a aikin kuɗi ba. Na sata da ake sakawa a shagunan kwamfuta, ban da haramcinsa, yana zuwa da ƙwayoyin cuta kuma yakan mutu ana tsakiyar aiki. Revit LT ya fi araha, sai dai mutum biyu ba sa aiki a fayil ɗaya da shi. Akwai na kyauta da ke biyan bukata a ƙaramin aiki: Bonsai, wanda a da ake kira BlenderBIM, da FreeCAD don samfuri, ProjectLibre don jadawali, BIMvision ko Navisworks Freedom don dubawa kawai.

Tarko biyu suna kama sababbin shiga. Fayil ɗin da aka adana da Revit 2024 ba ya buɗuwa a 2023, kuma ba a mayar da shi baya, don haka mai zane da injiniya da QS su tsaya a kan shekara ɗaya tun farko. Na biyu, babban fayil ɗin da mutane da yawa ke aiki a kansa tare ba a ajiye shi a Google Drive ko Dropbox, zai lalace. In manhajojinku sun bambanta, a yi musaya da IFC, nau'in fayil da manhajoji daban-daban ke iya buɗewa, a kunna zaɓin fitar da awo lokacin adanawa, a tabbatar kowa yana aiki da milimita kuma daga kusurwa ɗaya ta filin.

A ganina, don wannan aiki guda kada ka sayi komai. Gida mai ɗaki uku AutoCAD da Excel sun ishe shi. Bene irin naka yana bakin iyaka, amfanin yana fitowa sosai ne in za ka maimaita ginin a wurare da yawa, ko rukunin gidaje iri ɗaya, ko gini mai yawan bututu da na'urori. Ka ɗauki wanda ya riga ya mallaki lasisi ya gina maka samfurin, ka biya shi kuɗin aiki. Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Bauchi suna yaye masu zane da masu ƙididdigar gini, ana samun waɗanda suka iya a cikinsu. Sai dai iya fitar da hoto mai sheƙi daban yake da iya gina samfurin awo. Gwajin ba wuya: ka ba shi aji ɗaya ya gina, ya fitar da awon bulo, kankare da filasta, QS ɗinka ya auna ajin da hannu. In tazarar ta wuce kashi 2 ko 3 cikin 100, a zauna a gano daga inda ta fito kafin ya taɓa sauran ginin.

Kafin ya soma, ku rubuta yarjejeniya ko da shafi biyu ce. ISO 19650, ƙa'idar ƙasa da ƙasa da ta fito a 2018, shi ne cikakken tsarin wannan, amma a aikinka abin da ake bukata kaɗan ne: wa zai zana me, rodi yana ciki ko babu, bango zai tsaya a ƙarƙashin bim, fila hawa-hawa, lambobin QS, shekarar manhaja, da cewa za a miƙa maka ainihin fayil ɗin tare da IFC, ba PDF kaɗai ba. A sa ranar da foman zai riƙa kawo abin da aka yi a mako, da wanda zai shigar da shi, tare da duk canjin da mai makaranta ya nema a baki yana zagaya fili. A kuma rubuta wanne ne zai yi rinjaye in samfurin da zanen takarda suka saɓa. Hukumar tsara birane zanen takarda mai hatimin ƙwararru take amincewa da shi, shi ne kuma ke maƙale da kwangilarka, don haka duk gyaran da aka yi a samfurin a sake buga shafin da ya shafa, a sa masa sabuwar lamba da kwanan wata, a karɓe tsohon daga hannun foman.